Ranar Murna a Gidan Riƙo: Wace Uwar Za a Yi wa Barka?

Ranar iyaye mata ba al'adarmu ba ce, amma wayar hannu ta shigo da ita gidajenmu, har ma tana zuwa mana fiye da sau ɗaya a shekara. Majami'u da yawa a Nijeriya suna bin lissafin Ingila, suna yin bikin a Lahadi ta huɗu ta azumin Kirista, wadda galibi takan faɗo cikin watan Maris. Ƙasashen Larabawa da dama sun tsayar da 21 ga Maris. Sai kuma ta Amurka, Lahadi ta biyu ga watan Mayu, wadda wata mata mai suna Anna Jarvis ta fara shiryawa a 1908 domin tunawa da mahaifiyarta, shugaba Woodrow Wilson kuma ya mayar da ita ranar ƙasa a 1914. Malamai da yawa ba su yarda da keɓe ranar ba, suna cewa haƙƙin uwa na kullum ne, kuma ba ni da ja a kan wannan. Duk da haka, idan ranar ta zagayo, Facebook da WhatsApp sukan cika da hotunan iyaye mata da addu'o'i, kuma cikin masu kallo akwai mutane masu yawan gaske da ranar take jefa wa tambaya mai nauyi, wato hoton wace uwar za su sa. Ina cikinsu, domin wadda ta haife ni daban, wadda ta riƙe ni daban, dukansu suna raye, kuma dukansu suna ganin abin da na sa.

Riƙo tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma da wuya a sami zuri'ar da babu wanda ya tashi a hannun wata ba mahaifiyarsa ba. Ana kai ɗan fari wurin kakarsa yaye, yayen ya zarce ya zama zama. Ana ba amarya ƙaramar ƙanwa ta tafi da ita domin ta ɗebe mata kewa, yarinyar ta girma a can har a aurar da ita daga can. Ana ɗauko yaro daga ƙauye a kawo shi birni wurin kawunsa saboda makaranta. Mutuwa da saki kuma suna rarraba 'ya'ya a gidajen dangi ba tare da an yi shawara da kowa ba. Sannan akwai matar da Allah bai ba haihuwa ba, wadda ɗan'uwanta ko 'yar'uwarta, wani lokaci ma kishiyarta, ke ɗaukar ɗa a miƙa mata. Muna cewa ɗa na kowa ne, kuma wannan al'ada ta rufa wa marayu da yawa asiri a wuraren da babu hukumar da za ta tuna da su. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne cewa a cikin kowane riƙo akwai mata biyu, ɗaya ta saki, ɗaya ta karɓa, alhali bukukuwanmu, daga saukar Alƙur'ani zuwa aure zuwa suna, an tsara su ne a kan cewa uwa ɗaya ce tak za a yi wa barka.

Ni 'yar fari ce. Da aka tashi yaye ni, sai aka kai ni gidan Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta daɗe a ɗakinta ba ta taɓa ko ɓari ba, kuma da lokacin mayar da ni ya yi, mahaifina ya aika mata cewa ya bar mata ni halak malak. Dangi sun yaba masa, sun ce ya yi zumunci, kuma gaskiya ne ya yi. Ba a tambayi mahaifiyata ba. Ko da an tambaye ta ma, yarinya ce a lokacin, kuma kunyar ɗan fari ba za ta bar ta ta buɗe baki a gaban surukai ta ce tana son 'yarta ba. Sunan kakata ta wajen uba aka sa mini, saboda haka Gwaggo ba ta taɓa kiran sunana ba, “Uwata” take ce mini har yau. Mahaifiyata ita ma ba ta kiran sunan, in ta zo sai ta ce “ina yarinyar nan?” ko kuwa “'yar Gwaggo”, ni kuma na tashi ina ce mata Yaya, yadda na ji ƙannen mahaifina suna kiranta. Ba a ɓoye mini kome ba, tun ina ƙarama na san cikin wa na fito.

Farin cikin uwar riƙo na gaske ne, sai dai ba ya rabuwa da fargaba. Gwaggo ta yi mini duk abin da uwa ke yi: ta goya ni, ta kwana zaune lokacin da na yi ƙyanda, ta soya ƙosai ta zuba adashe ta biya kuɗin makarantata. Amma ko zazzaɓi na yi, kafin ta ba ni magani sai ta tura yaro ya sanar da mahaifina, tana cewa amanar mutane ce, kada wani abu ya faru a ce ba ta faɗa ba. In na yi laifin da ya kai a yi mini duka, sai ta ɗaga hannu ta sauke, domin ta san abin da mahaifiya za ta yi a kira shi tarbiyya, in ita ta yi za a iya kiransa mugunta. Ranar walimar saukar Alƙur'anina ita ta kwana tana suyar waina, ita ta sayi yadin da na sa, kuma da gari ya waye ta ci ado ta zauna a tsakar gida mata suna shigowa suna yi mata barka. Da mahaifiyata ta yi sallama, Gwaggo ta miƙe daga kan tabarmar ta nuna mata wurin, ta koma madafi wai za ta duba miya, alhali akwai masu dubawa. A can wata maƙwabciya ta same ta, ta riƙe hannunta da zuciya ɗaya ta ce: “Sannu da ƙoƙari, ke ma Allah Ya ba ki naki.” Gwaggo ta ce amin, ta ci gaba da juya miyar. Matar ba ta nufi sharri ba, addu'a ta yi, amma addu'ar ta shaida wa Gwaggo a ranar da ta fi kowace rana jin ita uwa ce cewa mutane ba haka suke kallonta ba.

Ita kuwa uwar da ta saki, al'ada ta ɗaure mata baki, sai muka ɗauka shirun nata rashin damuwa ne. Idan mahaifiyata ta zo gaisuwar Sallah, ba ta janyo ni jikinta, ba ta tambayata makaranta. Abin da takan yi shi ne ta kai hannu kaina ta shafa kitson, ta ce wa Gwaggo mai kitson nan ta cika ja, sannan ta sassauta mini jelar ƙeya ɗaya ko biyu da farcenta, ta ce in je in yi wasa. 'Yan kunne ko dakuwar da ta zo da su ba ta taɓa miƙa mini hannu da hannu ba, Gwaggo take bai wa, domin kada a ce tana saye zuciyar yarinya. Sai da na girma ƙanwarta ta gaya mini cewa bayan an kai ni yaye, mahaifiyata ta daɗe tana ninke rigunana tana warwarewa da dare, kuma ba ta yarda kowa ya kwashe su ba sai da ta sake haihuwa. Har yau idan aka yabe ni a gabanta aka ce tarbiyyar Gwaggo ce, murmushi take yi ta ce ai 'yarta ce. Ina ganin wannan amsa a matsayin kyauta ta biyu da take yi wa Gwaggo, kuma ba na jin ta fi ta farkon sauƙi.

Yaron da ke tsakani yana koyon lissafi tun kafin a sa shi makaranta. Yana lura da fuskar wannan in ya rungumi waccan, yana rage murnarsa in mahaifiyarsa ta zo domin kada mai riƙonsa ta ji ciwo, yana kuma rage kukansa in za ta tafi. Idan na je gidanmu hutu, ƙannena sukan ce “baƙuwa ta zo”, in mun yi faɗa kuma su ce in koma gidanmu. A gidan Gwaggo kuwa 'ya'yan kishiyarta ba su taɓa mance cewa ba ubanmu ɗaya ba. Girma ba ya kawar da lissafin, sai dai ya sa masa kuɗi da mutunci a ciki: wa za a fara gaisarwa ranar Sallah, wa za a kai wa albashin farko ta sa albarka, kuma in Allah Ya hore kujerar Makka guda ɗaya, wa za a fara biya wa. Na san mutanen da suka jinkirta biyan kujerar shekaru, ba don babu kuɗin ba, sai don sun kasa zaɓa, suna jiran su tara na biyu.

Babu inda abin yake fitowa fili kamar ranar aure. Maganar maza tana da tsari, domin waliyyi sananne ne, uba ne ko wanda ya wakilta daga danginsa, kuma mijin Gwaggo da kansa ya tura masu neman aurena wurin mahaifina. Maganar mata ce ba ta da alƙali. A gidan wa za a yi kamu da sa lalle? Wa za a kai wa lefe ta fara gani? Wace ce uwar amarya da ƙawayenta za su yi anko su kawo mata gudummawa? Gwaggo ta shafe shekaru tana tara mini kayan ɗaki, kwano bayan kwano, tana kuma zuwa bikin 'ya'yan mutane tana ba da gudummawa ba tare da ta taɓa karɓa ba, kuma duk macen Hausa ta san cewa gudummawar biki bashi ce da ake biya ranar bikin 'yarka. Bikina shi ne karonta na farko, wataƙila kuma na ƙarshe. Mahaifiyata tana da wasu 'ya'ya mata a bayana, amma danginta sun ga cewa 'yar fari ce, kuma an riga an ƙwace mata renon, bai kamata a ƙwace mata bikin ba. An yi ta kai da komo a tsakanin gwaggwanni da innoni, maganganu suka fara tsami, har wata ta ce ba a raba hanta da jini, wata kuma ta mayar mata da cewa haihuwa ko akuya tana yi.

Matan biyu da ake yi dominsu su ne suka kashe wutar. Mahaifiyata ta aika cewa a yi kome a gidan Gwaggo, ita za ta zo a matsayin dangi; Gwaggo kuma ta ce ba za a fita da amarya ba sai an biya da ita ɗakin mahaifiyarta. Daren kai amarya aka fara da Gwaggo. Ta zaunar da ni a bakin gadonta, ta fara nasihar da aka saba, haƙuri da tsafta da riƙon sirrin miji, sai muryarta ta karye ta ce: “Uwata, in na taɓa cutar da ke ki yafe mini, kuma ki gaya wa iyayenki na mayar musu da amanarsu lafiya.” Daga nan motoci suka bi ta gidanmu. Mahaifiyata tana zaune a ƙuryar ɗaki, ta juya fuska gefe yadda kunya ta tanada, aka durƙusar da ni a gabanta. Ba ta yi doguwar magana ba, cewa ta yi: “Abin da Gwaggonki ta gaya miki shi ne nawa. Ki riƙe ta, ita ce ta sha wahalarki.” Sannan ta ɗaga lulluɓina kaɗan ta dube ni, abin da ban taɓa ganin ta yi a gaban mutane ba. Na yi kuka a ɗakunan biyu, kuma har yau ba zan iya rarrabe wane ne na murna wane ne na baƙin ciki ba.

Haihuwa ta sake buɗe maganar. Al'ada ce mace ta koma gida a haihuwar fari domin wankan jego na kwana 40, sai aka rasa wane ne gidan. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba, kuma wasu sun faɗa a fili cewa wadda ba ta yi jego ba ba za ta iya kula da mai jego ba, maganar da na tabbata ta kai kunnenta. A ƙarshe gidanta na je, mahaifiyata ta turo ƙanwarta ta zauna da mu tana dafa ruwan wanka da kunun kanwa. Da aka ce mace ce aka haifa, kowa ya zuba ido ya ji wa za a yi wa takwara. Mijina ya bar mini zaɓi, na zaɓi sunan Gwaggo, domin mahaifiyata tana da wasu 'ya'yan da za su yi mata, ita kuwa Gwaggo in ban yi ba babu mai yi. Na yi imani na yi daidai, kuma duk da haka ranar sunan na kasa haɗa ido da mahaifiyata.

Abin da ke ba ni natsuwa shi ne cewa addininmu bai taɓa cewa uwa ɗaya kaɗai za a girmama ba. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Amina ce ta haife shi, Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi ta rene shi a ƙauyen Banu Sa'ad, kuma malaman tarihi sun ruwaito cewa da ta yaye shi ta kawo shi Makka, roƙo ta yi a bar mata shi ya ƙara zama. Da mahaifiyarsa ta rasu a Abwa yana da shekara 6, Ummu Aimana ce ta dawo da shi gida, bayan rasuwar kakansa Abdulmuɗɗalib kuma ya tashi a hannun Faɗima 'yar Asad, matar baffansa Abu Ɗalib. Bai mance da ko ɗaya daga cikinsu ba, har an ruwaito cewa bayan yaƙin Hunaini ya shimfiɗa wa Shaima, 'yar Halima, mayafinsa ta zauna. Lokacin da Aliyu da Zaidu da Ja'afar suka yi jayayya a kan wanda zai riƙe 'yar Hamza marainiya, ya ba Ja'afar saboda matarsa 'yar'uwar mahaifiyar yarinyar ce, ya ce inna a matsayin uwa take, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Suratul Ƙasas kuma ta kawo labarin Annabi Musa da zukatan mata biyu: mahaifiyar da ta jefa shi a kogi ta wayi gari zuciyarta wayam har ta kusa tona asirin, da matar Fir'auna da ta roƙa kada a kashe shi bayan mutanen gidansu sun tsince shi. Ba a rage darajar ɗayarsu domin a ɗaukaka ɗaya ba.

Abin da aka hana shi ne sauya nasaba. Ana kiran Zaidu ɗan Harisa, wanda Annabi ya riƙe, da Zaidu ɗan Muhammadu har sai da aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sauka, ta ce a kira su da sunan ubanninsu, in kuma ba a san ubannin ba, to 'yan'uwa ne a addini. Wasu suna jin wannan hukunci kamar taurin zuciya ga mai riƙo, ni kuwa a rayuwata na gan shi a matsayin rahama. Saboda ba a yi mini ƙarya ba, son da nake yi wa Gwaggo bai dogara da wani sirri da zai iya fashewa ba. Wannan tsari na ɗaukar nauyin yaro ba tare da canza masa asali ba, wanda ake kira kafala, har Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambace shi da sunansa a sashe na 20, a jere da riƙo da kuma ɗaukar ɗa ta hanyar kotu. A Nijeriya Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi riƙo da ɗaukar ɗa ta hanyar kotu, jihohi kuma kowace tana da nata tsarin, kuma iyalai Kiristoci da dama a Arewa suna bin hanyar kotu su ba yaro sunansu.

Nawa riƙon mai sauƙi ne in aka kwatanta da na wasu. Akwai matar da ta karɓi jariri daga gidan marayu, ko wanda aka tsinta aka kai wa mai unguwa, babu wanda ya san mahaifiyarsa. Ita ba ta da wata da za ta tashi ta ba wuri a kan tabarma, amma tana rayuwa da wata mace da ba ta taɓa gani ba, tana ganin ta a idon yaron da tafiyarsa, tana tunanin ko tana raye, ko tana nema. Da yawa sukan zaɓi ɓoyewa, wasu har su sauya unguwa, kuma ban ga laifin tsoronsu ba, domin mun san irin gorin da bakin mutane ke yi a kan asali. Sai dai sirrin da unguwa ta sani ba ya daɗewa. Yakan fito daga bakin yaro a wurin wasa, ko daga bakin dangin miji ranar rabon gado, ko kuma a lokacin binciken aure, wato daidai ranar da uwar ta yi shekaru tana jira. Yarinyar da ta ji labarin asalinta daga bakin dangin saurayinta ta rasa abu biyu a dare ɗaya, kuma na biyun, wato yarda da wadda ta rene ta, shi ya fi wuyar dawowa. Ra'ayina shi ne a gaya wa yaro tun yana ƙarami, da kalmomin da suka dace da shekarunsa, daga bakin wadda take sonsa.

Shari'a ta kuma bar ƙofofin da ya kamata mai riƙo ta sani tun da wuri. Riƙo shi kaɗai ba ya sa muharramaka, shayarwa ce take sawa, kamar yadda aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta nuna, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ko kaɗan ne ya wadatar matuƙar a cikin shekarun shayarwa ne. Ɗan riƙo kuma ba ya gadon mai riƙonsa ta hanyar riƙon, amma ana iya yi masa wasiyya har zuwa sulusin dukiya, ana kuma iya ba shi kyauta tun ana raye a damƙa masa a gaban shaidu. Na ga yarinyar da ta yi jinyar uwar riƙonta har ta cika a cinyarta, bayan sadakar bakwai aka nuna mata ƙofa da jakar kayanta, ba don marigayiyar ba ta son ta ba, sai don ta ɗauka kowa ya san 'yarta ce, ba ta rubuta kome ba.

Zan yi rashin adalci in na nuna kamar kowane riƙo alheri ne. Akwai 'yan riƙon da ake ɗora wa tiren talla suna kallon 'ya'yan gida suna tafiya makaranta, akwai masu cin ƙanzo su kwana a zaure, akwai agololin da ake tuna musu kowace safiya cewa arziki suke ci. Irin waɗannan, in suka girma aka ce su fito su yi godiya a bainar jama'a, an ƙara musu wani nauyin ne, kuma bai kamata a tilasta musu nuna son da ba a shuka ba, ko da yake da yawansu suna ci gaba da kyautatawa saboda Allah. Akwai kuma matan da ba kyauta suka yi ba, ƙwace aka yi musu. A fiƙihun Malikiyya, in aure ya mutu uwa ce ta fi cancantar renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, kuma in uwar ta sake aure haƙƙin yakan koma ga mahaifiyarta da 'yan'uwanta mata kafin ya kai ga ɓangaren uba. Amma a aikace sau da yawa ana karɓe yaro da zarar an yaye shi a miƙa wa matar uba ko kaka, a hana uwar ko ganinsa. Irin wannan uwa takan ji labarin auren 'yarta a bakin mutane, ko a kira ta ana saura kwana biyu ta zo ta zauna cikin baƙi. Rikicin da ya addabi Borno da Yobe tun 2009, da hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, sun bar yara masu yawa a hannun innoni da gwaggwanni da maƙwabta, kuma waɗannan yaran yanzu suna isa aure, saboda haka tambayoyin nan za su ƙara yawa a gidajenmu.

Kwanakin baya maganar ta zo ƙofata ta wata fuskar. Ƙanwar mijina ta daɗe da aure babu haihuwa, sai ya zo mini da shawarar mu ba ta 'yarmu ta biyu. Na san abin da wannan kyauta za ta zame mata, domin na ga abin da na zame wa Gwaggo, na kuma san abin da za ta ci mini, domin yanzu na fahimci rigunan da mahaifiyata take ninkewa. Na gode masa da ya tambaye ni, abin da ba a yi wa mahaifiyata ba. Na ce na yarda, amma ba a yaye ba, sai yarinyar ta yi wayon da za a zaunar da ita a gaya mata inda za ta da dalilin tafiyar. Za ta ci gaba da kirana Umma, ta kira gwaggonta da duk sunan da suka ga dama. Za ta riƙa zuwa hutu ba sai an roƙa ba. Kuma tun yanzu, a gaban mahaifiyarsu, mun yanke cewa in Allah Ya kai mu aurenta, a gidan gwaggonta za a yi biki, daga ɗakina kuma za a fita da ita. Surukata ta ce ba ta taɓa jin an yi sharaɗi a kan kyautar ɗa ba, amma da ta yi shiru na ɗan lokaci sai ta ce a kira ƙanwar tasa a gaya mata haka ɗin.